Digiri ko Bijimin Huɗa? Abin da Aka Tafka Jiya a Zauren Matasa

Autan Baba: Salamu alaikum 'yan zaure, yau sai na amayar da abin da ke cina. Baba ya sayar da bijimin huɗa da riɗin shekara guda ya kai Yaya jami'a: kuɗin rajista, haya, kuɗin mota, handawut. Ya gama, ya yi bautar ƙasa, yanzu yana koyarwa a makarantar kuɗi, albashinsa ko dubu 70 na mafi ƙarancin albashi bai kai ba. Ni kuma ana ta cewa in cike fom ɗin NELFUND, rancen karatu na gwamnatin tarayya. Wallahi digiri ga ɗan ƙauye asara ne.

Malamin Firamare: Wa'alaikumus salam. Auta, waye ɗan ƙauyen? Garin da ke da hakimi da kasuwar mako da sakandare biyu?

Autan Baba: Malam, Allah ya gafarta, ba nan maganata ta dosa ba.

Mai Cajin Waya: To ina wuta? Rabonmu da NEPA tun kafin azumi. Garin da mutum ke biyan kuɗi a caja masa waya ai ƙauye ne, ni ma da haka nake ci.

Malamin Firamare: In wuta ce ma'auni, rabin unguwannin Kano ma ƙauye ne.

Bakano: A'a, kar a sako Kano. Ku 'yan Jigawa da aka yanke daga jikinmu a 1991, har yau ciwo ya yi tsanani sai a ce a tafi asibitin Malam Aminu Kano.

Anti Nas: Ku bari yaro ya samu amsa mana. Auta, rancen nan babu ruwa a kai. Kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa jami'a, kai kuma dubu 20 duk wata. Biya sai shekara biyu bayan bautar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin ɗari na albashi. Alawus ɗin bautar ƙasar ma ya koma dubu 77 daga dubu 33.

Mai Cajin Waya: Anti, kashi 10 na wane albashin? Na Yayan nasa?

Jar Hula: Shi ya sa nake cewa tallafi ya fi rance. Gwamna Abba rage rabin kuɗin manyan makarantun jihar Kano ya yi a 2023, bai ɗora wa ɗan kowa bashi ba.

Ɗan Tsintsiya: An fara. Wa ya sa hannu a dokar rancen a 2024? Faɗi sunansa mana.

Jar Hula: Wanda ya cire tallafin mai, kuɗin mota ya ninka.

Malamin Firamare: Har yanzu dai ba a janye kalmar ƙauye ba. Mu da muke da jami'a a Dutse tun 2011, ga ta Kafin Hausa.

Bakano: Wudil ta girme su duka.

Autan Baba: Don Allah in cike fom ɗin ko in kama noman rani?

Admin: Dare ya yi, na rufe. A taƙaice, zaure ya gamsu cewa garinmu ba ƙauye ba ne, kamar yadda Malam ya kawo hujjoji masu ƙarfi, kuma masu ja ba su zo da komai ba. Bakano, wannan gargaɗi na biyu ke nan. Batun rance, mai so ya bi Anti ta akwatin sirri.

Mai Cajin Waya: Admin, ai Malam ƙanin babarka ne.