Neman kalma: fayawol, ganuwa ko katangar tsaro?

Mai gabatar da shiri: Assalamu alaikum, malamai. Ranar Asabar zan gabatar da shirin rediyo kan yadda magidanci zai ƙara sabuwar rauta (na'urar da ke rarraba intanet a gida) mai fayawol a kan wadda kamfanin intanet ya ba shi, ba tare da ya bar wa masu kutse hanya ba. Rauta ta riga ta zauna a bakin jama'a, amma ba na jin masu sauraro za su gane fayawol, ga shi kuma dole in miƙa rubutun kafin Juma'a.

Malamar Hausa: Wa alaikumus salam. Asalin kalmar daga gini take, wato bangon da ke hana gobara tsallakawa daga wani sashe zuwa wani, saboda haka "katangar wuta" ta wadatar.

Injiniya: Malama, a yi mini afuwa, duk Bahaushen da ya ji katangar wuta, wayar lantarkin da ake zagaye gida da ita zai kawo a ransa. Aikin abin shi ne tace saƙonni: ya bar amsar abin da na'urorin gida suka nema ta shigo, ya mayar da wanda ya zo daga waje ba da gayyata ba. "Katangar tsaro" nake cewa a wurin aiki.

Dattijo daga Kano: Katanga ba ta tantance kowa, tarewa kawai take yi. Kalmar da ta dace ita ce "ganuwa", domin ganuwa tana da ƙofofi, kowace ƙofa kuma da sarkinta mai sanin wanda ya shiga da wanda ya fita. Tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara gina ta Kano, ba sai mun je aron bango wajen Turawa ba.

Injiniya: Allah ya ƙara girma, Baba, ganuwar za ta sauƙaƙa bayani a wuri guda. Idan aka jona wayar da ta fito daga tsohuwar rauta a ramin WAN na sabuwar, wato ramin da intanet ke shigowa ta cikinsa, wajibi ne a kashe wayfay na tsohuwar, in ba haka ba duk wayar salular da ta kama shi tana wajen ganuwa ne, fayawol ɗin sabuwar rautar ba ya kare ta. Sannan kada adireshinsu, wato lambar da ake gane kowace rauta da ita, ya zo ɗaya: idan tsohuwar tana kan 192.168.1.1, a mayar da sabuwar 192.168.2.1. Kafin a jona komai ma, a canja kalmar sirrin da sabuwar ta zo da ita daga masana'anta, domin da irin waɗannan kalmomi ne manhajar kutse mai suna Mirai ta mamaye kyamarori da rautoci a 2016.

Mai fassara daga Damagaram: Kullum kalma sai ta fito daga Kano kafin a ce ta zama Hausa? Mu a nan "garu" muke cewa, masu sana'ar kuma da sunan Faransanci suka san abin, "parfe". Shirin nan ana jin sa har ƙetaren iyaka.

Dattijo daga Kano: Ɗana, Katsina da Zariya duk suna da ganuwa, ba gadon Kanawa kaɗai ba ce. Amma daidaitacciyar Hausa da ake koyarwa a makarantu kowa ya san a kan wane kari aka gina ta.

Mai fassara daga Damagaram: Wannan maganar ce dai take sa mu ja da baya duk lokacin da aka zauna ƙirƙirar kalmomi.

Malamar Hausa: Don Allah a bar zancen kari, baiwar Allah tana jiran amsa. Damuwata ita ce, magidancin da ya buɗe shafin saitin rautarsa ba zai tarar da ganuwa ko garu a rubuce ba, kalmar Ingilishi zai gani, kuma idan bai taɓa jin ta a shirin ba, ba zai san inda zai latsa ba.

Mai gabatar da shiri: Na gode muku. Zan ce "fayawol, wato ganuwar tsaro ta intanet" a farkon shiri, daga nan in ci gaba da ganuwa, in kuma ambaci garu sau ɗaya saboda masu sauraronmu na Nijar.

Dattijo daga Kano: Ban ga amfanin liƙa mata "tsaro" ba, tunda babu ganuwar da aka gina don ado, amma a tafi a haka zuwa Asabar. Saura rauta, wadda ban amince ta zauna ba tukuna.