Kawuna yana so in koma Elmina harkar kifi, waye ya san zaman wurin?

ɗan_Aboabo:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema. Ni haifaffen zangon Kumasi ne, kawuna ya fi shekara 20 a Elmina, garin masunta a bakin tekun Ghana, yana sayen kifin banda yana turowa kasuwa, yanzu ƙafa ta fara ba shi matsala shi ne yace in zo in kama masa, har yana cewa in mun haɗa kuɗi sai mu sayi inji mu ba wani mai kwale-kwale a riƙa raba riba. Wlh ni ko iyo ban iya ba, sau ɗaya na taɓa ganin teku shi ma makaranta ce ta kai mu kallon tsohon ginin nan na Turawa. Wanda ya zauna can ya gaya min yaya rayuwar take, kuma maganar injin nan akwai alheri?

mai_banda:
Wa alaikumus salam ɗana. Shekarata 14 a garin kuma gaskiya zan gaya maka, ka fara zuwa ka zauna tukuna ka bar maganar inji. Garin nan da teku yake kwana da teku yake tashi. Kafin ka idar da asuba bakin gadar Benya, wato tafkin garin da ke haɗe da teku, ta cika, mata da manyan robobi a kai, yara na ta gudu, kwale-kwalen da suka kwana a ruwa suna shigowa ɗaya bayan ɗaya da tutoci kala-kala, kowanne an rubuta masa suna a jiki, kuma tun daga nesa matan nan sun san wanda ya samo da wanda ya dawo hannu rabbana, daga yadda jirgin ya nutsa a ruwa kawai suke ganewa, ni sai da na shekara uku kafin idona ya iya wannan.

Abin da baƙo ba ya sani shi ne kifin nan tun bai fito daga ruwa ba yana da mai shi. Mace ce ta ba da kuɗin mai da abincin masunta, to ita za a fara sauke wa, kai da ka zo da kuɗinka a aljihu sai ka tsaya kana kallo. Suna da sarauniyarsu ta masu kifi, konkohemaa, da ita ake tsayar da farashin safiya, maza kuma suna da sarkin masunta, apofohene, shi ke raba rigima in raga ta sarƙe da raga. In kawunka ya kai ka gaishe su kar ka ga kamar ɓata lokaci ne. Ka koyi Fanti ko na gaisuwa ne, tunda kana jin Twi ba zai maka wuya ba.

Sai hayaƙi. Murhun Chorkor muke amfani da shi, na tire-tire da ake ɗorawa kan juna, ya fi na da sauƙin itace amma duk da haka idona har yau ruwa yake. Kayanka duk za su yi ƙarni, ka saba.

Malam_na_Takoradi:
Hajiya ta gama magana. Ni kan injin zan ƙara. Yamaha mai doki 40 shi suka fi sawa, kuma ba sayensa ne wahala ba, ciyar da shi ne. Man firimis, wato man injin kwale-kwale da gwamnati ke rage wa kuɗi, ba kullum yake zuwa ba, wani lokaci jirage su yi kwana da kwanaki a ɗaure ana jiran tanka. In an fita an dawo sai an cire kuɗin mai da na abinci kafin a raba saura tsakanin masu kaya da ma'aikata, ranar da ba a kamo ba bashin yana nan yana jiran fita ta gaba. Kuma kifin ya ragu ɗan'uwa, kowane dattijo a bakin ruwan zai gaya maka, sardin ɗin da ke cika gari daga Yuli zuwa Satumba in ruwa ya yi sanyi yanzu ba kamar da ba. Manyan jirage sun kwashe ƙananan kifi, ga harkar saiko da aka yi ta yi, kifin da suke daskarewa su sayar wa 'yan kwale-kwale a tsakiyar teku duk da doka ta hana, ga masu su da fitila da dare. Shi ya sa a shekarun baya har rufe teku gwamnati ta riƙa yi wata guda. Ka lissafa watan da ba shiga sai fita kafin ka sa kuɗinka.

ɗan_Aboabo:
Na gode Hajiya, na gode Malam. To wai da gaske ne ranar Talata ba a shiga ruwa? Kuma mu musulmi babu takura?

mai_banda:
Gaskiya ne, al'adarsu ce tun kakanni. Ranar za ka ga maza zaune a inuwa an baza raga ana ɗinki ana hira, wasu na toshe jirgi, ni kuma ranar nake bin bashi don kowa yana gida. Talatar farko ta Yuli suke bikin Bakatue, a buɗe Benya bayan an hana kamun kifi a cikinta na wasu makonni, gari ya cika maƙil. Ba wanda zai ce sai ka shiga, akwai zango akwai masallaci, ka yi sallarka lafiya.

Abu ɗaya ne har yau ban saba da shi ba. Akwai shekarar da jirgin maƙwabcinmu bai dawo ba, kwana uku matarsa tana tsaye kan gadar nan ba ta ko zama, mu da su duka muka riƙa kai mata abinci, mu muna addu'armu su suna tasu. A rana ta huɗu aka jawo su, inji ne ya mutu ruwa ya ja su can nesa. Yaran da suka sauko leɓɓansu duk sun tsage saboda ƙishi. Tun ranar in na ji ana ciniki kan tsadar kifi raina ɓaci yake.

ɗan_Aboabo:
Allah sarki, Allah ya ƙara tsarewa. Na yi waya da kawu yanzu, nace zan zo bayan sallah in yi wata uku a hannunsa tukuna, kuɗin injin su zauna. Hajiya in na iso zan zo gaishe ki in sha Allah, ki nuna min yadda ake gane bandar da ta bushe sosai don ance wadda ba ta ji wuta ba kafin ta kai Kumasi ta yi tsutsa.