Umra da Hajiya: in tafi da layin gida ko in sayi na Saudiyya?

Ɗan Kwari: Assalamu alaikum jama'a. In sha Allahu wata mai kamawa zan raka mahaifiyata Umra, kwana 14, Madina tukuna sannan Makka. Wayata tana cin layi biyu amma ba ta ɗaukar eSIM, wato layin da ake saukewa a waya ba tare da kati ba. Damuwata shago ne: yara za su ci gaba da ciniki, kuma lambar da banki ke turowa kafin kuɗi su fita ta layin gida take shigowa. Ita kuma Hajiya ƙaramar waya ce da ita mai madannai. Ya zan yi da tawa, ya zan yi da tata?

Injiniya: Sayi eSIM tun kana Kano, kana sauka ka kunna. An wuce zamanin bin layi.

Ɗan Kwari: Injiniya, ai na ce wayar ba ta ɗauka.

Malamin Firamare: Wa alaikumus salam. Bar layin gida a ciki, ka tabbatar an buɗe maka roaming, wato layin ya yi aiki a ƙasar waje, kafin ka tashi, amma ka kashe masa data. Saƙon banki zai shigo, ni dai ban ga an cire min ko kwabo ba. Ɗaya ramin ka sa na can. A filin jirgin Madina da na Jidda akwai rumfunan STC da Mobily da Zain, fasfo za ka miƙa su ɗauki zanen yatsanka. Riyal 35 na biya.

Uwar Biyu: Don girman Allah kar ka sayi layi a hannun yaran da ke tsayawa ƙofar masauki. Ni ganau ce. Mun sauka a gajiye, na ga jerin mutane a rumfar filin jirgi na ce sai gobe. Washegari wani yaro mai jin Hausa ras ya kawo min layi, ya ce an riga an yi rajista, ba sai fasfo ba. Na saya biyu, ɗaya nawa ɗaya na surukata. Kwana uku suna aiki lafiya lau. Daren da muka yi ɗawafi, bayan isha cunkoso ya raba mu. Na ɗaga waya, shiru, wata mata na ta zuba min Larabci a kunne. Ashe duka biyun an rufe su, da yatsan wani aka yi rajistar. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, ba ta san sunan masaukinmu ba, kalmar Larabci ɗaya ba ta iya ba in ba ta salla ba. Na tsaya a ƙofar Sarki Fahad, mai lamba 79, inda muka shiga, ina leƙa fuskar duk baƙar mace mai farin hijabi har ƙafata ta kumbura. Sai bayan asuba wasu 'yan Nijar suka rako ta, sun tsince ta zaune wajen Marwa, takalminta a hannu. Har yau in an yi faɗa a gida sai maigidan ya tayar da zancen.

Hajiyar Zinder: Wayyo, sannu 'yar uwa. Shi yaron kin sake ganinsa?

Uwar Biyu: Ina fa! Kamar ƙasa ta haɗiye shi.

Mai Shayi: Riyal 35 Malam? Wace shekara ke nan, zamanin jirgin ruwa? Ni 120 na ba da a azumin bara.

Malamin Firamare: Nawa na kira ne da 'yar data kaɗan. Kai wataƙila ka sayi na masu kallon bidiyo.

Tsohon Takari: Duk ku yi shiru. Shekara tara na yi a Jidda. Wanda ya je kwana goma ya dawo ba zai koya wa mutane layin Saudiyya ba. Ka fita daga filin jirgi, ka shiga ofishinsu na cikin gari, ya fi sauƙi.

Injiniya: Baba, da girmanka, yaushe rabonka da can? Lokacinku akwai Nusuk? Yanzu shiga Rauda ma sai ka nemi izini a manhajar. Mutum na buƙatar data tun ranar farko, kai kana tura shi yawon neman ofis da tsohuwa a bayansa.

Tsohon Takari: Yaro man kaza. Mun shiga Rauda kafin a haife ka.

Mai Shayi: Ni shawarata ka bar wayar gaba ɗaya a Kano. Ranar da lambarka mai +966 ta shiga hannun dangi, ka shiga uku. Ƙarfe ɗayan dare a can, su sha ɗaya ne a wajensu, za a kira ka: "A taɓa mana Ka'aba, kuma jallabiyar mai lamba 58 ce."

Hajiyar Zinder: Hahaha, har da dabino ajwa kilo biyu, ba a ba ka ko dala ba.

Uwar Biyu: Ni abin da ya fi ci min rai, da ejan ɗinmu ya cika alkawari da duk haka ba ta faru ba. Ya ce layi na cikin kuɗin da muka biya, ya ce masauki minti biyar zuwa Harami. Minti biyar ɗin a mota ne, in motar ta zo.

Mai Shayi: Namu cewa ya yi daga taga ana hango dogon agogo. Gaskiya ya faɗa, ana hango shi, kamar yadda ake hango wata.

Tsohon Takari: Laifinku ne, kuna bin araha.

Uwar Biyu: Araha? Baba ka san nawa muka zuba kuwa?

Ɗan Kwari: Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka. Amma ita wayar Hajiya fa, layin can zai hau ƙaramar waya, ko sai na saya mata babba?

Hajiyar Zinder: Uwar Biyu, turo min sunan ejan ɗin nan ta gefe. Ina jin shi ne ya kai yayata.