Musayar Waƙa: Sandar Trea Turner Ta Yi Sanyi, Ihu Za Mu Yi Masa Ko Tafi?

Ɗan Tasi (Alhamis, 3 ga Agusta 2023, da asuba)

Salamu alaikum 'yan zaure. Daren jiya a wasan besbol a Miyami, Marlins sun cinye ƙungiyarmu ta Filadelfiya, Phillies, 9 da 8 bayan an kai zagaye na 12. Ɗan wasanmu Trea Turner ya shiga bugu sau 5 bai samu ko ɗaya ba, sannan ƙwallon da za ta rufe wasan a zagaye na 11 ta wuce shi. Barci ya gagare ni. Amsa-amo "ba" ne, duk mai amsawa ya riƙe shi.

Da sunan Allah nake farawa,
Kukan da ban so in yi shi ba.
Dala miliyan 300 cif,
Muka zuba, ba mu ji ciwo ba.
Shekara 11 aka rubuta,
Ko guda ba ta ƙare ba.
Aka ce mana shi ne cikon kofi,
Wanda bara ba mu ɗauka ba.
A watan Maris ya buga wa Amurka,
Homran 5, bai gaji ba.
Ya ɗura wa Benezuwela mai huɗu,
Ba su farfaɗo daga nan ba.
Da ya dawo rigar ja da fari,
Sanda ba ta gane shi ba.
Gobe Juma'a zai dawo gida,
Ihun da zan yi bai taɓa ji ba.

Zangon Bronx

Ɗan Tasi, share hawayenka,
Kukan nan ba yau ka fara ba.
Tun 2009 muka koya maka,
Ba ka manta da Yankees ba.
Bara Houston ta ƙara maka,
Ba ka ce mana uffan ba.
Kofinku 2, namu 27,
Lissafi bai yi ƙarya ba.
Ka ce "muka zuba" miliyan 300,
Ko sisi ba naka ba ne, ba ka zuba ba.
Kashe mita ka je ka kwanta,
Turner bai san da kai ba.

Ɗan Tasi

Sannu da zuwa, magajin tarihi,
Wanda bai ga na yanzu ba.
27 ɗin da kake ta kira,
Tun 2009 ba ta ƙaru ba.
Judge ɗinku ya daki katanga a Yuni,
Yatsan ƙafa bai bar shi ba.
Kusan wata 2 yana jinya,
Ba ku san hanyar gida ba.
Duba teburin Gabas da kyau,
Daga sama ba za ka gan ku ba.
Mu muna neman gurbin Oktoba,
Ku ko ƙamshinsa ba ku ji ba.

Ɗan Damagaram

Ni kam ku gafarce ni, manya,
Na shigo zaure ban gane ba.
Mu takobin kokowa muka sani,
Ba mu san jifa da sanda ba.
An ce mutum yana da .235,
Kuɗi ne ko awon hatsi?
Ku faɗa mini kafin in buɗe baki,
Kar in zagi marar laifi.

Uwar Biyu (Alhamis, da dare)

Ƙanena, ba kuɗi ba ne. A besbol mai jifa ke wurgo ƙwallo, mai sanda ya buga ya sheƙa zuwa tashar farko kafin a riga shi. Idan aka ce .235, ana nufin cikin shiga dubu zai samu bugu mai kyau sau 235. Wanda ya kai .300 shi ake kira gwani, ka ga ko gwanin ma yana faɗuwa sau bakwai cikin goma. Homran kuwa shi ne a aika ƙwallo ta tsallake katanga. Yanzu bari in juyo kan yayana.

Yaya Ɗan Tasi, in tambaye ka,
Ihun da kuka yi bai isa ba?
Tun watan Mayu ake masa shi,
Har uwarsa ba ta bar shi ba.
Shi ya faɗa da bakinsa,
Ba ni na ƙirƙiro ba.
An mai da shi na 8 a jeri,
Bai ce koci bai kyauta ba.
Daren Miyami ya ɗau laifi,
Bai ɗora wa kowa ba.
Wanda ya buga .328 a 2021,
Hannunsa bai ruɓe ba.
Rediyo na shela mu miƙe tsaye,
Mu yi tafin da ba mu gwada ba.

Ɗan Tasi

Tafi? A Filadelfiya? Garin da 'yan kallo suka jefi mai shigar Santa na Kirsimeti da curin ƙanƙara a 1968? Hajiya, kin daɗe a garin nan, kin san halinsa.

Hajiya, tafi ladan aiki ne,
Ba a ba wanda bai yi ba.
Ni in na kai fasinja wata unguwa,
Ba inda ya ce in kai shi ba,
Zai tafa mini ne ya biya ni?
Wallahi ba zai tafa ba.

Tsohon Baltimo (Juma'a, 4 ga Agusta, da hantsi)

Ku bar tsoho ya tofa nasa,
Wannan ciwon bai tsallake mu ba.
Chris Davis, homran 53
A 2013, ba a kamo shi ba.
2015 ya ƙara 47,
Muka ce ba za mu sake shi ba.
Miliyan 161, shekara 7,
Ba mu tsaya tunani ba.
2018 ya sauko .168,
Ba mu taɓa ganin irinta ba.
Sau 54 a jere ya shiga,
Bai samu bugu ko ɗaya ba.
Ranar da ya samu a Boston,
Ya nemi ƙwallon, bai bar ta ba.
Mun yi ihu, mun kuma yi tafi,
Ko ɗaya bai dawo da shi ba.

Ya ajiye sanda a 2021, amma ƙungiyarmu ta Baltimo, Orioles, za su ci gaba da biyansa har 2037. 'Ya'yana, ba wasan Miyami ne ke hana ku barci ba. Yaron nan ya cika 30 a watan Yuni, yarjejeniyar za ta kai shi 40, kuma jarinsa a ƙafa yake. Abin da kuke tsoro shi ne kar a ce wannan ba sanyin 'yan watanni ba ne, farkon gangara ne. Mu ma da haka muka fara, muna cewa gobe zai warware.

Uwar Biyu

Baba, Allah ya ƙara girma,
Amma awon bai daidaita ba.
Davis ƙarfi kaɗai ya rataya,
Da ya tafi bai bar komai ba.
Turner bana yana satar tasha,
Ko sau ɗaya ba a kama shi ba.
Ƙafar da ka ce za ta tsufa,
Har yau ba ta gaya mana ba.

Malam Na Zazzau

Na yi shiru tun jiya ina karatu, amma abin ya kai maƙura. Zangon Bronx, ɗangonka na "Lissafi bai yi ƙarya ba" gaɓa 8 ne. Ka zo ka ɗora masa "Ko sisi ba naka ba ne, ba ka zuba ba", gaɓa 13. Da wane numfashi za a rera shi? Ɗan Damagaram ya fara da "ba", ya ƙare da hatsi da laifi. Baba na Baltimo kuwa, tuba nake, ya ɓoye gaɓoɓi a cikin alƙaluma. Ku karanta "Miliyan 161, shekara 7" da baki ku ji: gaɓa 16.

Kuma duk kun rasa abin da ke gabanku. Sunan garin kansa ƙafa guda ce ta karin Kamil: Fi-la-del-fi-ya, mu-ta-fa-'i-lun. Gajera biyu, doguwa, gajera, doguwa. Ga yadda ake yi.

Filadelfiya, ku yi hankali,
Ku tsaya ku ji ni da gaskiya.
Ciwon da ke damun gwani,
Ba ya jiki, sai zuciya.
Nauyin kuɗi bisa kafaɗa,
Shi ke hana masa dariya.
Ƙwallo tana zille masa,
Ƙasa can waje, shi ko ɗaya
Ba ya bari ta wuce, ina!
Sai kai bugu, sai shan wuya.

Tsohon Baltimo

Allah gafarta Malam, kuɗin ne suka yi yawa. Da sun ba shi miliyan goma, da ɗangona ya zauna daidai.

Mai Shayin Tudun Wada

Kai! Zazzau ta gaishe ka, Malam! Ilimi a gidansa. Sauran duk ku ɗauko allo ku zauna.

Zangon Bronx

Allah gafarta Malam, sannu,
Ba darasi muka zo ba.
Makaɗin da ke tayar da fage,
Bai taɓa ƙirga gaɓa ba.
Mutafa'ilun ɗinka ka riƙe,
Ba ta taɓa cin homran ba.
Ka taɓa zama a filin wasa?
Na rantse ba ka taɓa ba.

Malam Na Zazzau

Makaɗi kalangu ke riƙe masa kari, in ya zarce kiɗa ya dawo da shi. Kai da ka rubuta a waya, me ke riƙe naka?

Zangon Buronks, ka ji shawara,
Waƙa awo ce, ba tsiya.
Baitinka gurgu ne ƙwarai,
Da wuya ya kai mu da lafiya.

Bakumashe

Kar ka ji komai ɗan'uwa, Zango na bayanka. Waƙar da ta sa mutum dariya ta gama aikinta. Ta Malam sai an ɗauko ma'auni kafin a ji daɗinta.

Mai Shayin Tudun Wada

Wanda bai iya rawa ba dama ƙasa yake zargi.

Bakumashe

Kai kuma tun da aka buɗe zauren nan ba mu ga baitinka ko ɗaya ba, sai kirari. Zuba mana shayi ka yi shiru.

Uwar Biyu

Malam, da girmanka: ka tsawata wa yaro don ya bar "ba", kai kuma ka ɗauko "ya" tun daga farko har ƙarshe. Dokar mai zaure ba ta hau kanka ba ne?

Malam Na Zazzau

Hajiya, shi ya sauya a tsakiyar waƙa, ni sabuwa na buɗe. Akwai bambanci. Kuma "ba" ta korewa amsa-amon malalata ce, kowace jimla ka kore ta sai ta ba ka shi kyauta.

Ɗan Tasi

Malalata? Ni na zaɓe shi fa, Malam. Na buɗe zaure don Turner, kun mai da shi makarantar dare. Saura awa biyu a fara wasa da Royals na Kansas City, ba wanda ya ce mini ihu ko tafi.

Uwar Biyu (Juma'a, tsakar dare)

Na dawo daga Citizens Bank Park, filin wasan Phillies.

Da aka kira sunansa a lasifika,
Ba wanda bai miƙe ba.
Duk shigar da ya yi aka tafa,
Ba a gaji da tsayuwa ba.
Ya samu bugu, ya shigo da ɗaya,
Bai fita hannu wofi ba.
Yaya Ɗan Tasi, ina ihunka?
Na kasa kunne ban ji ba.

Ɗan Tasi

An yi tafi, an kuma sha kashi,
7 da 5, ba ki faɗa ba.
A hannun Royals na ƙasan tebur,
Kunya ba ta kama ku ba?
Ihuna yana nan a ajiye,
Aiki ya riƙe ni, ban je ba.

Zangon Bronx

"Aiki ya riƙe ni." To, Allah ya ba da kasuwa.

Uwar Biyu (Asabar, 5 ga Agusta, da dare)

Zagaye na 6, muna baya,
Biyu na tasha, ba su shigo ba.
Ya ɗaga sanda, ƙwallo ta tashi,
Katanga ba ta tare ta ba.
Uku a bugu ɗaya, 9 da 6,
Royals ba su dawo ba.
Aka kira shi ya fito ya gaisa,
Filin bai bar shi ya zauna ba.
Yaya, kawo ihun nan in saya,
Na san ba zai yi tsada ba.

Mai Shayin Tudun Wada

Hajiya ta gama da shi! Yau kam na bar Zazzau na koma bayanki.

Ɗan Tasi (Lahadi, bayan azahar)

Na gani, Hajiya, na kuma ji daɗi,
Ban ce ban yi tsalle ba.
Amma dare ɗaya cikin shekara 11,
Bai biya miliyan 300 ba.
Ki bar ni in ga Satumba tukuna,
Ihun ban sayar da shi ba.

Tsohon Baltimo

Ranar da Davis ya karya tasa a Boston, 13 ga Afrilu 2019, bugu 3 ya samu, ya shigo da mutum 4. Mun yi murna har muryarmu ta dushe. Ban ce komai ba fa, Hajiya. Allah ya sa naku ya ɗore.

Ɗan Damagaram

Network ya ɗauke mana kwana biyu,
Na dawo ban tarar da zagi ba.
Wanda aka ce a yi wa ihu,
Yanzu an ce ba shi ba.
To ni wa zan zaga ke nan?
Ba ku nuna mini kowa ba.

Malam Na Zazzau

Madalla, yau ka riƙe amsa-amo har ƙarshe, sai dai ka fara da kalmar da ba tamu ba. Hajiya, barka da nasara. Amma "Uku a bugu ɗaya, 9 da 6" gaɓa nawa ne? Ki karanta da baki.

Zangon Bronx

Ɗan Damagaram, ga wanda za ka zaga nan ya kawo kansa.