Neman kalma: "juriya" ba ta isa ba a zancen annoba

1/ Jama'a, musamman masu fassara da ma'aikatan lafiya, akwai kalmar Turanci da ta daɗe tana ba mu wahala: resilience, idan aka jingina ta ga al'umma a lokacin annoba. Kusan kowa "juriyar al'umma" yake rubutawa. Ni dai ban gamsu ba.

2/ Mai juriya shi ne wanda ya cije, yana shan wuya bai yi raki ba. Idan ka dubi mutanen da ba su da asibiti, ba su da ruwa mai tsabta, ka ce musu "kuna da juriya", ka ce musu ne su ci gaba da haƙuri. Hukuma kuma ta samu wurin fakewa. Wannan ne ya fi damuna.

3/ Mu duba abin da kalmar take nufi a aikace. Ebola ta 2014 zuwa 2016 ta kama mutum sama da 28,000 a Gini da Laberiya da Saliyo, ta kashe fiye da 11,000. Babbar hanyar yaɗuwarta har da jinyar mara lafiya a gida da wankan gawa, wato daidai wuraren da mutum yake nuna ƙauna da cika haƙƙi. Da farko ma'aikata suna zuwa cikin fararen kaya, su ɗauke mamaci a jakar leda, dangi suna kallo daga nesa. Sai mutane suka koma ɓoye marasa lafiya, suna binne nasu da dare. A garin Womey na Gini, a Satumban 2014, har kashe mutum takwas aka yi daga cikin tawagar wayar da kai.

4/ Lamarin ya fara juyawa ne da aka zauna da limamai da fastoci da sarakuna. A Nuwamban 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin jana'iza mai kiyaye lafiya da mutunci: taimama a madadin wanka, a sa likkafani, dangi su yi sallah daga ɗan nesa, su ga inda aka sa nasu. Masarautu a Saliyo suka kafa dokar kai rahoton baƙo da mara lafiya. Mutanen nan ba cijewa suka yi ba. Sun sauya abin da ya fi komai nauyi a zuciyarsu, da hannunsu.

5/ Haka a Bangaladesh, daga 1980 zuwa 1990, matan BRAC, wata ƙungiya mai zaman kanta ta ƙasar, suka bi gida gida, miliyoyin gidaje, suna koya wa iyaye mata haɗa ruwan gishiri da sukari saboda gudawa: gishiri a yatsu uku, mazarƙwaila cikin tafin hannu, rabin litar ruwa.

6/ Cikin kalmomin da aka kawo a madadin juriya akwai "dauriya", amma ita da juriya Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. "Jajircewa" tana da motsi, amma hali ne na mutum ɗaya. "Farfaɗowa" kuwa sai an suma tukuna.

7/ Shawarata: tsayuwar al'umma. Tsayuwa tana ɗauke da abu biyu a bakin Bahaushe. Akwai rashin faɗuwa, kamar gari ya tsaya da ƙafafunsa. Akwai kuma ɗaukar nauyi, kamar a ce wane ya tsaya wa marayun ɗan'uwansa. Ta kuma sarrafu: tsayayyar al'umma, gina tsayuwar al'umma, garin ya tsayu.

8/ Wani zai ce za a ɗauka tsayawa cak ake nufi. Jimla ce za ta raba gardama: "Yarda tsakanin ma'aikatan lafiya da jama'a ita ce ginshiƙin tsayuwar al'umma." Ba wanda zai ji wannan ya yi zaton an daina tafiya. Abin da ke biyo baya kuwa, buɗe makarantu da kasuwanni, komawar mata awo da yara rigakafi, mu bar masa kalmarsa: murmurewa.