Ta ina ake gano asalin waƙoƙin masu haƙar kwal na Ingila?

Ɗalibi: Assalamu alaikum malamai. Waƙoƙin masu haƙar kwal na Durham da Northumberland, yankuna biyu a arewa maso gabashin Ingila, a bayan faifai sai ka ga an rubuta "ta gargajiya" kawai. Yaya ake tantance wadda ta fito daga bakin ma'aikata da wadda wani ya tsara daga baya?

Mai Kundi: Wa alaikumus salam. Fara da kundin Roud, jerin waƙoƙin gargajiya na Turanci, na ɗakin karatu na Vaughan Williams da ke Landan, yana intanet kyauta. Kowace waƙa da lambarta, ko da sunanta ya canza sau goma. Kada ka nema da suna, nemi baitin farko ko amshi, don masu ɗab'i kan laƙa wa waƙa sunan da suka ga dama. In ka samu lambar, jera duk inda ta bayyana bisa shekara, sannan ka duba takardun waƙa na ɗakin karatu na Bodleian a Oxford, waɗanda a da ake tallarsu a titi da araha. Shekarar da aka fara buga waƙa ba ita ce ranar haihuwarta ba. Misali, waƙar The Collier's Rant tana cikin littafin Joseph Ritson na 1793, wato ta riga wannan shekarar, iyakar abin da takarda ta tabbatar ke nan.

Baba Tsoho: Malam ya yi daidai, amma a raba baitoci da kari. Tommy Armstrong na Tanfield ya tsara waƙar fashewar ramin kwal na Trimdon Grange na 16 ga Fabrairu 1882, sai ya ɗora ta a kan karin wata waƙar soyayya da mutane suka riga suka sani. Baitocin na 1882 ne, karin ya girme su. Irin waɗannan na hatsari su ne masu sauƙi: gwama ranar da sunan ramin da jaridun lokacin.

Inda ake tuntuɓe shi ne littafin A. L. Lloyd na 1952, Come All Ye Bold Miners. Aiki ne babba, amma Lloyd yakan gyara baitoci bai faɗa ba. The Recruited Collier asalinta waƙar Robert Anderson ce, mawaƙin Cumberland, kuma saurayin da ke ciki manomi ne. A bugun Lloyd ne ya koma mai haƙar kwal. Duk waƙar da ba a ganta ko'ina kafin Lloyd ba, a ajiye ta gefe sai an samu wata shaida.

Ɗalibi: Na gode Baba. To faifan murya fa?

Baba Tsoho: Saurari iyalin Elliott na Birtley, gidan masu haƙar kwal, waɗanda Ewan MacColl da Peggy Seeger suka ɗauka a 1961. Amma ka tambayi kowane faifai: a wurin wa mawaƙin ya koya? Bayan 1952, wasu ma'aikatan ma daga littafin suka haddace.