Cefane a Zariya: a aika ko a je da kai? Abin da aka tattauna

Na tattaro muku abin da jama'a suka faɗa kan ko a aika a kawo cefane har gida, ko a je kasuwa da kai:

1. Kusan kowa ya yarda kayan da ke cikin leda ko kwali, irin su taliya, sukari, magi da omo, a kawo har gida ba matsala. Farashinsu sananne ne.

2. Kayan miya da nama kuwa, mafi yawa sun ce a je da kai. Tumatir da tattasai sai an taɓa, nama sai an ga yankan. A kasuwar Sabon Gari ko Tudun Wada mutum zai taya, a rage, a yi masa gyara. Ɗan aike ba ya tsayawa wannan. Ni ma nan na karkata.

3. An rabu kan kuɗin mota. Mazauna Samaru da Shika sun ce kuɗin Keke Napep zuwa Sabon Gari da dawowa yakan cinye rangwamen. Na kusa da kasuwa ba su yarda ba.

4. Masu jego, tsofaffi da ma'aikata: a riƙe amintaccen mutum ɗaya, ya turo hoto ta WhatsApp, kuma kada a yi tiransifa ga baƙo kafin kaya su iso.

Idan an kawo shinkafa da wake kuwa, a sake aunawa da tiyar gida.